Dorugu, Ɗan Damagaram da Ya Je Landan

Ya kai mai karatu, yau za ka karanta labarin wani mutumin ƙasarmu. Sunansa Dorugu. An haife shi a ƙasar Damagaram. Ya yi bauta a Barno, ya ga Tumbutu, ya zauna Ingila, ya rasu a Kano a 1912. Ya taɓa ratsa ƙasarmu ta Gure yana yaro. Harufan nan da kake koyo kuwa, yana cikin mutanen farko da aka rubuta Hausarsu da su.

Akwai dalili na biyu da ya sa aka kawo maka labarinsa. A zaman duniya wasu abubuwa a fili suke. Kowa ya san sata laifi ce, kisan kai laifi ne. Amma wasu al'amura kamar almuru suke, rana ta faɗi, dare bai gama yi ba. Mutum ya tsaya yana tambayar kansa wace hanya ce ta ƙwarai. Dorugu ya gamu da irin wannan har sau uku tun bai yi gemu ba. Daga baya ya zama Kirista, ya taimaka aka juya littattafan Kirista zuwa Hausa. Don haka za mu bi rayuwarsa, mu ga yadda Kiristoci ke auna irin waɗannan al'amura. Ko kai Musulmi ne ko Kirista, sanin yadda maƙwabcinka yake tunani yana gyara zama.

Yaron Dambanas

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye, Dambanas, kusa da Kance. Ubansa makaɗi ne, yana kuma noma 'yar gonarsa. Talakawa ne irinmu.

A zamanin nan Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Barno, wanda ke zaune a Kukawa. Bayi su ne kuɗi. Da su ake biyan bashi, da su ake kai gaisuwa. In sarki ya matsu, sai a kai hari ƙauyuka, wani lokaci ma ƙauyukan ƙasarsa. Wani Bature mai suna Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, ya ga ana shigo da bayi gari da idonsa, ya rubuta.

A irin wannan hari aka kama Dorugu, bai fi shekara 12 ba. Aka kai shi Zinder. Daga nan ya yi ta sauya hannu, har ya faɗa hannun wani Balarabe a Kukawa. Ka tsaya ka duba yaronka ɗan shekara 12, ka ga ko zai iya kwana ɗaya a wani gari ba kai.

A Kukawa akwai Turawa biyu 'yan Jamus, waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko su ga ƙasa. Ɗaya sunansa Overweg, mutane suna ce masa Tabib. Ɗayan Barth, shi kuma ana ce masa Abdulkarim. Dorugu ya shiga yi wa Tabib aiki, yana kula da raƙuma. Tabib ya fanshe shi, ya 'yanta shi. Ya kuma 'yanta wani saurayi, Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya mutu a bakin tabkin Cadi cikin watan Satumba 1852. Sai Abdulkarim ya ɗauki yaran biyu.

Mararraba ta farko

Ranar 25 ga Nuwamba 1852 suka bar Kukawa, suka nufo yamma. Suka shigo ƙasar Muniyo, suka sauka Gure, inda Muniyoma yake zaune a lokacin. Suka wuce Mirya, suka shiga Zinder ranar 25 ga Disamba. Suka yi wata guda a can. Daga Zinder suka kama hanyar Gazawa da Katsina.

To, ka san hanyar nan ba ta da nisa da ƙasar Kance. Ga Dorugu ɗa ne yanzu, ba mai iko da wuyansa. Ga ƙasar haihuwa a kusa. Ga kuma mutumin da ke ciyar da shi, wanda ke bukatar hannunsa a tafiya mai nisa. In ya koma gida, ya koma wurin da aka kama shi, kuma ba abin da zai hana a sake kama shi. In ya bi Abdulkarim, ya ba danginsa baya. Wace ce hanyar ƙwarai? Dorugu dai ya bi Abdulkarim. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mararraba ta biyu

Suka je Katsina, suka je Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka je Gwandu. Cikin watan Yuni 1853 suka haye Kwara a Sayi. Duk wannan tafiya Abdulkarim bai ɓoye cewa shi Kirista ne ba. Amma da suka wuce Dori, suka doshi ƙasar Masina, sai tsoro ya shigo. A can in an gane shi, ransa na cikin haɗari. Sai ya ce shi sharifi ne daga gabas, yana kai wa Shehun Tumbutu littattafai. Mutane suka yi ta zuwa neman albarkarsa.

Yaran gidansa sun san gaskiya. Kalma ɗaya daga bakin Dorugu ta isa ta hallaka maigidansa. Bai faɗa ba. Suka shiga Tumbutu ranar 7 ga Satumba 1853. A can asiri ya tonu. Sarkin Hamdallahi ya aiko a kori baƙon ko a miƙa shi. Sai wani babban malami, Shehu Ahmadu al-Bakkay, ya tsaya ya ce baƙonsa ne, ba mai taɓa shi. Ya kāre shi wata da watanni, ya kuma yi masa rakiya da kansa har Gawo a 1854. Ka ga malamin Musulunci ya sa kansa cikin wahala saboda baƙo Kirista.

Yanzu ga tambaya. Ƙarya laifi ce. To, wanda ya yi ta don ya tsira da ransa fa? Wanda ya sani kuma ya yi shiru fa? Riƙe wannan ma.

Mararraba ta uku

Suka komo ta Sakkwato, suka iso Kano cikin Oktoba 1854, suka koma Kukawa. A 1855 suka keta hamada ta Bilma da Murzuk, suka fita Tarabulus. Suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, suka isa Landan ranar 6 ga Satumba 1855. Abdulkarim ya kai su har garinsu Hamburg a Jamus.

Niyyarsa ya mai da su ƙasarsu, har an shirya musu tafiya. Sai ga wani fasto, shi ma ɗan Jamus, mazaunin Ingila. Sunansa Schön, sai ka faɗa Shon. Ya taɓa aiki a Saliyo, ya bi jirgi cikin Kwara a 1841, ya fara koyon Hausa, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843. Abin da ya rasa shi ne Bahaushe na asali da zai zauna da shi. Ya roƙi yaran su tsaya. Ana gab da sa su a jirgi suka zaɓi zama wurinsa. Ran Abdulkarim ya ɓaci ƙwarai, don yana ganin an shiga tsakaninsa da yaransa, an kuma hana shi sauke nauyin da ya ɗauka.

Duba da kyau. Abdulkarim ya yi musu alheri shekara uku, ba su da abin biyansa. Amma ɗan da aka 'yanta yana da ikon zaɓar inda zai zauna. Hanyar komawa kuwa ita ce hanyar da fataken bayi ke bi. A wurin Shon akwai karatu. Shin tsayawarsu butulci ne, ko kuwa haƙƙinsu ne?

Aikin littattafai

A Ingila aka yi wa yaran biyu baftisma. Dorugu ya sami suna James Henry. Abbega ya komo a 1857. Daga baya ya zama sarkin Lakwaja, ya kuma koma Musulunci. Dorugu ya zauna gidan Shon a garin Chatham wajen shekara takwas.

Ya koyi karatu da rubutu. Yana magana, Shon yana rubutawa. Ya ba da labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da abin da ya gani a hanya, har yadda Turawa ke zaman cin abinci. Da taimakonsa Shon ya buga littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da wani littafi mai suna Magana Hausa a 1885, wanda labarin Dorugu ke ciki. Har yau masana suna karanta shi don su ji Hausar Damagaram ta wancan zamani.

Tsakanin 1857 da 1859 kuma aka buga wasu sassa na Littafi Mai Tsarki da Hausa. A cikinsu akwai Linjilar Matiyu, da Littafin Farawa, da Littafin Fitowa. Cikakken littafin bai fito da Hausa ba sai a 1932, bayan rasuwarsa da shekara 20. A cikin wannan littafi ne Kiristoci ke samun ma'aunin da suke auna al'amura. Bari mu duba su, guda huɗu.

Ma'auni huɗu

Na farko, abin da Littafi ya faɗa a fili. A cikin Fitowa akwai dokoki goma. Sun hana kisa, da sata, da zina, da shaidar zur, da ƙyashin kayan wani. In abu ya faɗa cikin waɗannan, ba sauran tambaya. Kirista ba ya cewa al'amari mai duhu ne don kawai yana son aikata shi. Sau da yawa ma duhun a zuciyar mutum yake, son rai ne ya kawo shi.

Na biyu, ƙaunar maƙwabci. A Linjilar Matiyu, Yesu Almasihu ya tattara dokoki duka cikin biyu, ƙaunar Allah da ƙaunar ɗan'uwa mutum. Ya koyar cewa mutum ya sa kansa a matsayin wancan kafin ya yi masa abu. Saboda haka Kirista yakan tambayi kansa, wa zai cutu in na yi wannan? Da ni ne shi, zan yarda?

Na uku, lamiri, wato muryar nan ta cikin zuciya mai tsawata wa mutum. Kirista yakan yi addu'a, ya roƙi Allah ya haskaka masa. Manzo Bulus ya yi magana a kan wannan a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 14. A zamaninsa masu bi sun rabu a kan cin wani irin nama. Ya ce wanda zuciyarsa ta natsu ya ci, wanda zuciyarsa ke shakka ya bari, kada kuma ɗaya ya raina ɗaya. Ya ƙara da cewa in cinka zai sa ɗan'uwanka tuntuɓe, gara ka haƙura.

Na huɗu, shawara. A littafin Ayyukan Manzanni, sura 15, gardama ta tashi, ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya bi al'adun Yahudawa kafin ya zama mai bi. Ba mutum ɗaya ne ya yanke ba. Manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, aka saurari kowane ɓangare, sa'an nan aka tsai da magana. Shi ya sa Kirista in abu ya shige masa duhu yakan je wurin fasto ko dattawan ikkilisiya. Hausawa ma sun ce mai tambaya ba ya ɓata.

Mu auna mararrabun Dorugu

Ɗauki ta biyu, maganar sharifin ƙarya. A farkon Littafin Fitowa akwai labarin ungozoma biyu a Masar. Fir'auna ya umarce su su kashe duk jariri namiji na Isra'ilawa. Suka ƙi. Da ya tuhume su, sai suka kawo masa wani dalili don su kuɓuta. Littafin ya nuna Allah ya yi musu alheri. Malaman Kirista sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Wani babba a cikinsu, Agustin, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ce ƙarya ba ta halatta ko don ceton rai. A ganinsa an saka wa matan ne saboda tausayinsu. Wasu malamai suka ce in dokoki biyu suka yi karo, ceton rai ya fi nauyi. Amma dukansu sun haɗu a kan abu biyu. Ƙarya don riba ko don cutar da wani zunubi ce. Kuma yin shiru don kada a kashe mutum daban yake da shaidar zur. Abin da Dorugu ya yi ke nan, ya riƙe amanar wanda yake cin tuwonsa.

Ɗauki ta farko da ta uku. A nan ba dokar da ta ce je ka, ba wadda ta ce zauna. Girmama iyaye wajibi ne, godiya ga mai alheri wajibi ce, kiyaye rai da neman ilmi su ma abin kirki ne. A irin wannan wuri Kirista yakan yarda cewa mutum biyu masu tsoron Allah suna iya zaɓar hanya dabam dabam. Abin da ake dubawa shi ne niyya, da kuma abin da zaɓin ya haifa, yadda ake gane itace ta wurin 'ya'yansa. Zaman Dorugu a Ingila ya haifar da littattafan da Hausawa ke amfana da su har yau. Duk da haka ɓacin ran Abdulkarim gaskiya ne, kuma yana da hujjarsa. Wani zaɓin ko ya yi kyau sai ya bar wa wani ciwo. Wanda ya yi irin wannan zaɓi bai kamata ya yi fahariya ba.

Akwai kuma labarin Yusufu a Littafin Farawa, wanda Musulmi ma sun san shi sarai. 'Yan'uwansa suka sayar da shi, ya yi bauta a baƙuwar ƙasa, Allah ya ɗaukaka shi, bai rama ba. Ka tuna wanda ya taimaka aka sa wannan labari cikin Hausa, shi ma kama shi aka yi aka sayar.

Komowa da rasuwa

Dorugu ya komo a 1864. Ya yi shekaru yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Aikin tafinta aikin amana ne. Mutum biyu ba sa jin juna, kai kaɗai ka san abin da kowa ya ce. In ka ƙara gishiri ba mai kama ka, in ka rage ba mai sani. In wani ya yi zagi, ka juya shi yadda yake a yi faɗa, ko ka sassauta? Kullum tafinta yana tsaye a mararraba.

Duniya ta juya a idonsa. Faransawa suka ci Zinder a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano, inda malamai da 'ya'yan sarakuna suka fara koyon boko. Dorugu, yana tsoho, ya koyar a wurin. Yaron da aka taɓa sayarwa, ga shi yana koya wa 'ya'yan sarakuna harufa. A can Nasarawa ya rasu a 1912, yana da shekara 70 da 'yan kai.

Mu kuma fa?

Kai mai karatu, wataƙila ba za ka je Tumbutu ko Landan ba. Amma mararraba tana jiranka ran kasuwar Gidigir.

Ka kawo rago, ka san ya yi tari makon jiya, yau ya warware. Mai saye bai tambaya ba. Ka faɗa ko ka yi shiru? A nan shirun ba ya ceton ran kowa, aljihunka kawai yake cikawa. Ma'auni na biyu ya isa. Da kai ne mai saye, za ka so a gaya maka.

Ka sayi hatsi da kaka yana araha, ka ajiye. Ajiya ba laifi ba ce, Yusufu ma ya tara hatsi a Masar. Amma damina ta yi nisa, rumbuna sun ƙare, maƙwabcinka ya zo neman tiya biyar bashi, kai kuwa kana jiran kuɗi su ƙara hawa. Yusufu ya tara ne don a ci lokacin yunwa. Tambayi zuciyarka don me ka tara.

Ke kuma uwargida, maƙwabciyarki ta ba ki sirrinta, mijinki ya tambaye ki. Kina iya cewa amana ce aka ba ki, ba sai kin shirya ƙarya ba. Amma in sirrin zai jawo wa wani cuta, kamar yaro marar lafiya da ake ɓoyewa ba a kai shi likita ba, to rai ya fi sirri nauyi. Nemi dattijuwa mai hankali ku yi shawara.

Ran Babbar Salla, Musulmi ya aika wa maƙwabcinsa Kirista naman layya. Kiristoci da yawa sukan karɓa da godiya, su ma su aika da abinci ran Kirsimati. In wani zuciyarsa ba ta kwanta ba, koyarwar Bulus ita ce kada a tilasta masa, kada shi kuma ya zargi wanda ya ci. Sai ya nemi hanyar da ba za ta kunyata mai kyautar ba, don zumuncin maƙwabta abu ne mai tsada.

Ma'auni huɗu ke nan na Kirista: abin da Littafi ya faɗa, ƙaunar maƙwabci, lamiri tare da addu'a, da shawarar dattawa. In kai Musulmi ne, ka tambayi malaminka yadda ake yi da abin da ke da shubuha, sa'an nan ku kwatanta a aji. Allah ya ba mu ikon gane gaskiya, ya ba mu ƙarfin bin ta.

Tambayoyi

1. A wane ƙauye aka haifi Dorugu, kuma mece ce sana'ar ubansa?
2. A wace shekara Dorugu ya ratsa ƙasar Gure?
3. Wane ne ya kāre Abdulkarim a Tumbutu?
4. Faɗi ma'auni huɗu da Kiristoci ke auna al'amura da su.
5. Da kai ne Dorugu a Ingila, za ka shiga jirgi ko za ka zauna? Rubuta amsarka cikin layi uku, ka kawo dalili.